Hasken Sabon Gida: A Shirya Shi Tun Kafin A Yi Yaɓe

'Yan'uwa manoma, rani shi ne lokacin gini. In an sayar da albasa a Aliero, an kai buhunan shinkafa da gero kasuwar Jega, sai ka ga tulin bulo da yashi a ƙofar gidaje tun daga nan har Maiyama. Amma akwai abu guda da muka lura ana barinsa sai ƙarshe, watau maganar haske. Mai gida yakan ƙirga bulo, ya ƙirga kwano da katako, ya yi ciniki da magini, ba ya tuna da fitila sai an kusa tarewa. Sa'an nan a kira wani yaro ya ja waya bisa bango, ya rataye ƙwai ɗaya a tsakiyar kowane ɗaki, shi ke nan. Gidan kuwa za a zauna cikinsa shekara 40 ko fiye, mata suna girki a cikin inuwarsu, yara suna karatu da runtse ido. Gyara daga baya sai an fasa bango, kuɗinsa ya ninka.

Fitilar fari ita ce rana, ba ta kuwa cin ko sisi. Garuruwanmu uku suna wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka ko a watan Disamba, sa'ad da yini ya fi gajarta, muna samun awa 11 da ɗoriya na haske. Duk da haka akwai sababbin ɗakuna da yawa da in ka shiga da tsakar rana sai ka tsaya idonka ya saba tukuna. Mun san dalili. Ana ƙaranta taga domin sutura, da tsoron ɓarawo, da zafin bazara wanda yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Dalilan nan gaskiya ne, amma ƙaranta taga ba shi ne maganinsu ba. Maganin shi ne a san bangon da za a sa ta, da tsayin da za a ɗaga ta.

Bangon gabas shi ne yake shan dukan hadari da damina, tsofaffin magina sun san haka tun dā. Bangon yamma kuwa ranar la'asar tana shigowa ta cikinsa kai tsaye, ta bar ɗaki da zafi har tsakar dare. To, manyan tagogi a sa su kudu da arewa. Ta waɗannan fuskoki rana tana can sama, in bakin rufi ya fito kamar ƙafa 2, sai haske ya shiga, zafin ya tsaya waje. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana tana ɗan karkata arewa, sauran shekara tana kudu. Da hunturu takan sunkuya ƙwarai har ta leƙo ta tagar kudu, wannan kuwa lokacin da ake maraba da ita ne.

Game da girman taga, ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce faɗin tagogi duka ya kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓen ɗaki. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi yana bukatar taga biyu, kowace ƙafa 3 da ƙafa 2 da rabi. In an sa su a bango biyu masu duban juna, an sami iska kuma. Wanda yake jin tsoron idon masu wucewa ya ɗaga tagar bakin hanya ta wuce kan mutum. Babu hasara, domin tagar da take sama ta fi jefa haske can cikin ƙuryar ɗaki. A sa ƙarfe da ragar sauro tun ana gini. Raga tana ɗan rage haske, musamman in ƙura ta toshe ta, sai a riƙa goge ta.

Akwai kuma farin kwanon roba da ake sa ɗaya a cikin rufi. A madafa yana da amfani. A ɗakin kwana ba mu ba da shawararsa ba, zafi yake kawowa. Inda ake ajiye albasa ma kada a sa, albasa iska da inuwa take so.

Bayan taga sai bango. Wannan shi ne inda ƙaramin kuɗi yake yin babban aiki. Bangon da aka shafe da farar ƙasa ko farin fenti yana mayar da kusan kashi uku cikin huɗu na hasken da ya faɗa masa. Bangon laka ko na siminti tsirara yana shanye mafi yawansa. Mun sha ganin an sayi fenti shuɗi mai duhu ko kore domin ado, sa'an nan a ce ƙwan fitila ba shi da ƙarfi. In ana son launi saboda dauɗar hannun yara, a shafa shi daga ƙasa zuwa ƙugu, daga nan zuwa sama da silin duka a bar su fari.

Yanzu maganar dare. Manyanmu sun tashi da aci-balbal da fitilar ƙwai. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016, lita kuma ta haura naira 1,000 a 2023, ba mai gina gida yana dogara da su. Ko da can ma haskensu kaɗan ne, hayaƙinsu yana baƙanta bango yana shiga ƙirji, gobararsu kuwa ba sai an faɗa ba. Abin da ya maye gurbinsu shi ne ƙwan LED, wanda Japanawa uku suka sami lambar Nobel a 2014 saboda binciken da ya kawo shi. A kwalinsa za ku ga lamba biyu. Mai harafin W, watau wat, ita ce wutar da yake ci. Mai harufan lm, watau luman, ita ce hasken da yake bayarwa, ita ya kamata a duba. Tsohon ƙwai mai zafi na wat 60 yana ba da luman wajen 800. Ƙwan LED mai kyau yana ba da wannan da wat 9 kaɗai. Fitilar ƙwai ta kananzir ba ta cika wuce luman 40 ba. Ɗakin kwana mai farin bango, luman 500 zuwa 800 sun ishe shi. Murɗaɗɗen ƙwan nan na shekarun baya a bar shi, akwai zaiba a cikinsa, in ya fashe guba ce.

Amma inda aka sa ƙwai ya fi girmansa muhimmanci. Shawararmu ita ce, sa'ad da gini ya kai rufi, kafin a yi yaɓe, mai gida ya zagaya gidan da magariba tare da uwargida, da gawayi a hannu. Ita ta san inda murhu zai zauna, da inda za a yi wanke-wanke, da inda za a tankaɗe gari. Duk wurin da ake aiki da hannu da dare a yi masa alama. Ƙwan da yake tsakiyar ɗaki yana bayan mai aiki, inuwar kanta ce take faɗa wa tukunya. A sa shi a bango, gaba ko gefen wurin aikin, sama da kai, nesa da hayaƙi kaɗan. Haka kuma wurin karatun yara, ƙaramin ƙwai kusa da littafi ya fi babba can a silin. In za a sa fanka, kada ƙwai ya zauna bisanta, fikafikanta za su riƙa yanka haske har kai ya yi ciwo.

Kada mu manta yawancin zamanmu a tsakar gida ne, ba a falo ba. Abin mamaki, falo ne yake samun ƙwai huɗu masu ado, hanyar makewayi kuwa ba ko ɗaya. A wannan hanya kunama da kububuwa suke samun mutane, nan kuma tsofaffi suke tuntuɓe. Masu ɗorin Aliero sun shahara, amma gara a san su da suna kawai. Ƙwai mai wat 3 ya isa hanyar. A sa wani a zaure, wani wajen turken dabbobi. Na waje a zaɓi mai haske rawaya-rawaya, wanda aka rubuta 2700K ko 3000K a kwalinsa, domin fari fat mai 6500K ya fi tara ƙwari. Kada a kafa shi daidai bisa ƙofa, a matsar da shi gefe, in ba haka ba da damina duk abin da ya tara zai bi ku ɗaki. Makunni kuwa ya kasance bakin ƙofa, ta gefen da hannu yake kaiwa in an buɗe, kada ya faɗa bayan ƙyaure.

Ina wutar za ta fito? Har wa yau muna cewa NEPA, ko da yake kamfanin Kaduna Electric ne yake raba wuta a Jihar Kebbi. Tun 2020 an kasa masu amfani da wuta aji-aji, daga A mai alkawarin awa 20 a rana zuwa E mai awa 4. Mai gini ya tambaya ajin layin unguwarsu, ya kuma tambayi maƙwabta abin da suke gani da idonsu. A ganinmu, ko gida yana kan layi, fitilu dai a ɗora su bisa sola, tun da ba su cin wuta sosai. Ga lissafi. Ƙwai 5 masu wat 5, awa 5, sun ci 125. Na hanyar makewayi mai wat 3, awa 10, ya ci 30. Cajin wayar hannu biyu wajen 25. Jimla 180 ke nan a rana. Farantin sola mai wat 60 zuwa 80 zai biya wannan a ƙasarmu, tare da batir mai bolt 12 da amfiya 40. Batir mai ruwa ba a shanye fiye da rabinsa, in ana so ya daɗe. A karkata farantin kudu kaɗan, a inda hannu zai kai, domin da hunturu sai an share masa ƙura kowane kwana biyu ko uku. Fanka da talabijin ba su cikin wannan lissafi, nasu dabam ne.

Janareto, in akwai shi, ya zauna a fili nesa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, ta sha kashe iyali guda cikin barci. Lalle ne kuma a sa makunnin sauyi, domin wutarsa kada ta koma kan layi ta kama mai gyara a bisa falwaya.

Ko kuɗin waya bai samu bana ba, a binne bututun roba a bango kafin yaɓe, shi ba shi da tsada. Wayar fitila ta wutar layi mai milimita 1.5 ce, ta soket 2.5, ta tagulla ta gaskiya. Akwai ta jabu a kasuwa wadda aka shafa wa launin tagulla, a kankare bakinta da wuƙa a gani kafin a biya. Wutar batir mai bolt 12 tana son waya mai kauri, gajera, da fis kusa da batirin. A nan ƙungiya za ta taimaka. In mutum biyar suna gini a rani guda, su sayi waya da ƙwayaye a dunƙule, su nemi takardar garanti, su ɗauki mai gyaran wuta ɗaya wanda ya koyi aikin sosai. Kafin magini ya rufe bango, mai wutar ya zana hanyar kowane bututu a takarda, kwafi ɗaya wurin mai gida, ɗaya wurin sakataren ƙungiya, domin ranar da za a kafa ƙusa ko a ƙara ɗaki.