Girgizar Gada da Abin da Take Sanar da Mai Lura

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Magama ta Jibiya, inda hanyar Katsina ke miƙewa ta shiga ƙasar Nijar ta Ɗan Isa har zuwa Maraɗi, ya ga yadda tireloli ke jeruwa da lodin siminti da hatsi da sauran hajoji suna jiran jami'an kwastan su sallame su. Amma kaɗan ne daga cikinmu ke tuna cewa wannan nauyi duka, kafin ya iso bakin iyaka, sai da ya bi ta kan gadoji da kwalbatoci waɗanda da yawansu sun girmi direbobin da ke hawansu. Gada kuwa, kamar kowane aikin ɗan Adam, tana tsufa, kuma galibin ciwonta a ɓoye yake: tsatsa na cin rodi a cikin kankare, ruwa kuma na kwashe yashin da ke ƙarƙashin ginshiƙi, alhali kwaltar da ke sama tana nan sumul.

Masana ilmin gini sun daɗe da fahimtar cewa babu wani gini da ke tsaye cik bisa haƙiƙa. Kowace gada tana da irin karkarwarta, wadda nauyinta da ƙarfin jikinta suka hukunta mata, har akan iske gadar mota matsakaiciya tana kai da komowa tsakanin sau 2 zuwa sau 10 a cikin daƙiƙa guda idan babbar mota ta wuce ko iska ta buga. Misalin al'amarin shi ne na mai sayen tukunya a kasuwa, wadda takan ƙwanƙwasa ta da yatsa ta kasa kunne, domin ta san amon lafiyayya daban yake da na mai tsaga, ko da ido bai ga tsagar ba. To, haka injiniya ke yi, sai dai shi a madadin kunne yakan manna wa gadar wasu 'yan na'urori masu auna motsi, 'yan uwan wadda ke cikin wayar hannu tana juya hoto idan an karkata ta, su riƙa aika abin da suka ji zuwa kwamfuta dare da rana, ba tare da an rufe hanya ko an fasa kankare ba. Ƙa'idar lissafin kuwa ita ce, idan ƙarfin gada ya ragu da kashi 10 cikin 100, saurin karkarwarta zai sauka da kimanin kashi 5, wanda ishara ce isasshiya ga mai hankali ya tashi ya bincika.

Ba da sauƙi duniya ta koyi darasin ɓoyayyen ciwon gada ba. A watan Disamba na 1967 gadar Silver da ke kan kogin Ohayo a Amurka ta rufta da mutum 46 saboda wata ƙaramar tsaga a jikin ƙarfe guda, kuma wannan musiba ce ta haifar da dokar duba gadoji a kai a kai a wannan ƙasa. A 1987 ambaliya ta rarake gindin gadar rafin Schoharie a jihar New York, mutum 10 suka halaka. A Agustan 2018 kuma gadar Morandi ta birnin Genoa a Italiya ta faɗi da rayuka 43. Mutanen Jibiya ba sa bukatar a yi musu bayanin ƙarfin ruwa, tunda a Yulin wannan shekara ta 2018 ambaliyar dare guda ta ci rayuka fiye da 40 a garin, ta rushe ɗaruruwan gidaje; ruwan da ya iya wannan kuwa, ba shakka yana iya taɓa tushen gada a inda ido ba ya kaiwa.

Sai dai wajibi ne a faɗi iyakar wannan hikima ta sauraron karkarwar gada, domin kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. A ƙasar Siwizalan, daga 1997 zuwa 1998, masana sun saurari wata gada mai suna Z24 kusan shekara guda, sannan suka yi mata lahani da gangan kafin a rushe ta, sai suka tarar cewa sanyin da ke daskarar da kwalta yana sauya karkarwar fiye da yadda wasu lahanin suka sauya ta. Ma'ana, a wuri irin namu, inda zafin bazara da sanyin hunturu da laimar damina kowanne ke da nasa tasiri a jikin kankare da ƙarfe, ba a iya yanke wa gada hukunci sai an san halinta na shekara cikakkiya tun tana da lafiya. Haka nan na'ura ba ta ɗauke wa injiniya nauyin sauka ƙarƙashin gada da guduma da fitila. Aikinta shi ne ta nuna masa wadda zai fara dubawa.

Yanzu ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya da sababbin gadojinsa, kuma Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ya kamata hukuma ta sa a rubuta karkarwar kowace gada tun ranar da aka gama ta, a kuma fara auna tsofaffin na hanyar mota, a danƙa wa jami'o'inmu amanar adana bayanan da horar da matasan da za su karanta su. Direbobi su ji tsoron Allah game da lodin da ya wuce ƙima, masu ɗibar yashi su nisanci gindin gada, wanda duk ya ga tsaga ko zaizaya kuma ya kai rahoto ga hukuma, domin riƙo da sababi ba ya kore tawakkali, kuma kiyaye rai wajibi ne a kan kowa.