TSOHUWAR TARAKTA: ME YA SA HAR YAU BA TA GAJI BA?

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a wannan yanki namu, daga Garbadu zuwa Talatar Mafara, Bakura da Maradun, ya san ƙarar tarakta da asubar farkon damina. Idan ka leƙa don ka ga mai ƙarar, sau da yawa za ka tarar tsohuwa ce tukuf. Jan fentinta ya koɗe, fitila ɗaya ta fashe, an shimfiɗa buhu a kujerar direba. Wata ma ta girmi mai tuƙa ta. Amma ga ta nan tana kaɗa ƙasa tun safe har la'asar. Alhali kuwa kowa ya taɓa ganin sababbi fil da aka kawo da biki, ba su yi damina uku ba suka kwanta, har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu.

Ɗalibai sukan tambayi dalilin haka. Amsar a taƙaice ita ce, waɗanda suka ƙera tsofaffin sun yi su ne yadda manomi da bakaniken ƙauye za su gane su, su kuma gyara su da hannunsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da damina ba ta cika wuce wata huɗu ba. Mako guda da manomi ya rasa yana jiran gyara a lokacin shuka, a rumbu zai ga gurbinsa.

Mutumin da ya haɗa garma da tarakta

Taraktocin farko jan garma suke yi a baya, kamar yadda shanun huɗa ke yi. Wannan yana da illa biyu. Dole tarakta ta yi nauyi ƙwarai kafin tayoyinta su kama ƙasa. Sa'an nan idan garma ta maƙale a dutse ko saiwar itace, gaban tarakta yakan ɗaga sama, ta kife ta baya ta danne direba. Mutane da yawa sun rasa rayukansu ta haka.

Wanda ya magance wannan shi ne Harry Ferguson, ɗan manomi daga arewacin Ailan, wanda aka haifa a 1884, ya kuma fara rayuwarsa da aikin kanikanci a garejin yayansa. A 1926 ya sami rajistar dabararsa, wadda ta zama tushen hannuwan nan uku da muke gani a bayan tarakta: biyu a ƙasa, ɗaya a sama.

Ga yadda suke aiki. Na ƙasa su ke jan garma. Idan ƙasa ta yi tauri, garma takan tunkuɗa hannun sama, shi kuma ya taɓa makunnin famfon mai da ke cikin tarakta. Nan take famfon ya ɗan ɗaga garma har nauyi ya ragu, sa'an nan ya mai da ita. Direba bai taɓa kome ba. Nauyin garma da na ƙasar da take juyawa kuma yana komawa kan tayoyin baya, don haka ƙaramar tarakta take yin aikin babba. Hannun saman nan kuwa yana danne gaban tarakta, ya hana ta kifewa ta baya.

A 1939 kamfanin Ford na Amurka ya fara ƙera tarakta mai wannan tsari. Daga 1946 zuwa 1956 Ferguson ya fitar da tasa mai ruwan toka, TE20, a garin Coventry na Ingila, aka ƙera fiye da 500,000. Da irinta guda uku ne Edmund Hillary ya ratsa ƙanƙara ya kai ƙuryar kudancin duniya a watan Janairu na 1958. A 1953 kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris na Kanada, daga nan sunan Massey Ferguson ya fito. Shahararriyar MF 135, mai injin Perkins mai silinda uku da ƙarfin doki kimanin 45, an ƙera ta daga 1964 zuwa 1975.

A nan ƙasarmu ma an taɓa harhaɗa taraktoci. A shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanin Steyr na Ostiriya aka kafa masana'anta a Bauchi, da kuma kamfanin Fiat na Italiya aka kafa wata a Kano. Daga baya harkarsu ta ja baya, amma har yanzu akan ci karo da taraktocinsu a gonaki.

Dalilan ƙarkonta

Na farko, sauƙin ƙira. Famfon da ke tura man gas cikin injin ƙarfe ne zalla, injin da kansa ke juya shi. Babu kwamfuta, babu tarin wayoyi. Batir na tayarwa ne kawai da fitila. Idan ya mutu, sai a ja ta ko a gangara da ita ta tashi. Bakanike da sifana da kunnensa yakan gano inda ciwon yake.

Na biyu, injinta ba ya gaggawa. Juyinsa bai cika wuce 2,000 da 'yan kai a minti ba, alhali na ƙaramar mota yana iya ninka haka. Abin da ke juyawa a hankali ba ya saurin cinyewa. Inji da akwatin giya da gatarin baya duk narkakken ƙarfe ne mai kauri, an ɗaure su da juna, su ne ma ƙashin bayan tarakta. A cikin kowace silinda kuma akwai rigar ƙarfe da ake zarewa a sa sabuwa idan ta cinye. Saboda haka ana iya sabunta inji ɗaya sau da yawa.

Na uku, matatar iska. Da yawa daga cikinsu suna da kwano mai baƙin mai a ƙasan matatar, wanda ke kama ƙura kafin ta shiga inji. Ba sai an sayi sabuwa ba. A wanke kwanon, a zuba mai, shi ke nan. Wanda ya san ƙurar hunturu da ta kaɗa busasshiyar gona ya san amfanin wannan.

Na huɗu, kayan gyara. Ba a daina ƙera wannan samfuri ba. Kamfanin Millat na Lahore a Pakistan da kamfanin TAFE na Indiya sun ci gaba da ƙera taraktocin Massey Ferguson a kan tsohon tsari. Shi ya sa akan sami kayansu a Gusau ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Ban da haka, kamfanoni sun yarda da ma'auni ɗaya na hannuwan nan uku, da na sandar baya mai juyi 540 a minti wadda ke tuƙa injin sussuka ko famfon ruwa. Don haka garmar wani kamfani takan hau taraktar wani.

Darasi daga Bakalori

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga gaskiyar wannan magana. An fara gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, aka kammala ta a 1978. An tsara ba da ruwa ga hekta 23,000. Hekta 15,000 da na'urorin feshi masu aiki da famfunan lantarki, sauran 8,000 kuwa ta magudanan da ruwa ke gangarawa da kansa. A lokacin, feshin ne abin kallo. Amma kafin 2003 ya tsaya cik, magudanan kuwa suka ci gaba da shayar da shinkafa duk da yashi da ciyawa da suka cika su. Da shirin TRIMING ya zo, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, cikin aikinsa har da mai da wani sashe na filin feshin zuwa na magudana. Abin da mutanen wuri za su iya gyarawa da shebur da sifana shi ya rayu.

Har a Amurka manoma sun koka da sababbin taraktoci masu kwamfuta, waɗanda ba sa gyaruwa sai wakilin kamfani ya zo da na'urarsa. Wasu suka koma sayen na shekarun 1970 da 1980 da tsada. A 2023 jihar Kolorado ta kafa dokar da ta ba manomi 'yancin gyaran kayan aikinsa.

Aibunta da haƙƙinta

Kada a ɗauka tsohuwar tarakta ba ta da aibu. Tana hayaƙi, tana yoyon mai, birkinta sau da yawa ba shi da tabbas. Yawancinsu ba su da ƙarfen kariya a kan direba idan ta faɗi ta gefe. Sandar bayan nan kuma, in babu murfi, takan naɗe babbar riga ko gyale cikin ƙiftawar ido. Kujerarta ɗaya ce, ta direba. Ɗalibin da ya ɗare kan murfin taya yana wasa da ransa.

Sa'an nan mu tuna, waɗanda muke gani suna aiki su ne waɗanda aka kula da su. 'Yan'uwansu da yawa sun daɗe da zama kayan gwangwan. Mai tarakta na ƙwarai yakan duba baƙin mai da ruwan lagireto kowace safiya. Yana sa giris a gaɓoɓi, yana barin man gas ya kwanta a duro kafin ya tace ya zuba, yana canza baƙin mai bayan aikin kimanin awa 250. Babban gyara kuwa da rani ake yinsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Ya ku ɗalibai, a cikinku akwai waɗanda gobe za su zauna a ofis su sa hannu a sayo wa jama'a kayan noma. Kafin ku duba ƙyallin fenti, ku yi tambaya uku: wa zai gyara ta a Mafara? Ina ake samun kayanta? Manomi zai iya biyan kuɗin gyaran? Akwai kuma waɗanda za su riƙe sifana. Kada ku ji kunyar baƙin mai a hannu, gama Ferguson ma a gareji ya fara. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. In tsohuwar nan ta wuce ta bakin makaranta bana, ku tsaya ku dubi hannuwanta uku da kyau. Allah ya ba mu damina mai albarka.