Tabkin Madarunfa da yashi

Madarunfa tana kudu da Maraɗi. Kusa da garin akwai babban tabki. Masunta suna kama karfasa da tarwaɗa a cikinsa. Makiyaya suna shayar da shanu, masu lambu suna ban ruwa da rani. A kewayensa ne kaburburan waliyyai 99 suke, mutane suna zuwa ziyara.

Daga ina ruwan tabkin yake zuwa? Da damina Gulbin Gabi yana kwarara a cikinsa. Gulbin Maraɗi ma yana ba shi ruwa idan ya cika. Shi wannan gulbi daga ƙasar Katsina ya taso, ya bi ta Jibiya. Tun da aka gina madatsar ruwa a Jibiya, ruwan da ke isowa ya ragu.

Amma ruwa ba shi kaɗai yake tafiya ba. Saiwoyin itatuwa da ciyawa su ne suke riƙe ƙasa. Inda aka sare itatuwa, ruwan sama yana kwashe yashi da laka, ya kai su gulbi. A gulbi ruwa yana gudu, yana ɗauke da su. A tabki kuwa ruwa yana tsaye, sai su kwanta. Kowace shekara tabki yana cikewa kaɗan-kaɗan, zurfinsa yana raguwa. Tabki marar zurfi yana saurin ƙafewa da rani, kifi ya rasa wurin zama.

Ku ɗebo ruwan gulbi mai laka a kwalba, ku ajiye ta ƙwana ɗaya. Da safe ku duba gindin kwalbar. Me kuka gani?