Jirgin Sama Ɗan Haɗin Gida

Ba kowane jirgin sama ne a ke ƙerawa a babbar masana'anta ba. A Amurka akwai mutane, waɗansu manoma, waɗansu malaman makaranta, da su kan haɗa ƙaramin jirgi da hannunsu a garejin gidansu, don sha'awa.

A shekarar 1972 wani injiniya mai suna Richard VanGrunsven ya kafa kamfani a jihar Oregon, yana sayad da sassan wani ƙaramin jirgi mai kujera ɗaya, wanda a ke kira RV-3. Daga baya ya fito da masu kujera biyu da masu huɗu. Kafin ƙarshen 2017, jiragen kamfaninsa da aka haɗa a gida har suka tashi sun kai 10,000.

Ga yadda a ke yi. Kamfani ya kan aiko da sassan cikin akwatuna, tare da zanen da ke nuna mazaunin kowane sashe. Yawancinsu na alminiyon ne, watau ƙarfen nan maras nauyi da a ke yin tukwane da shi. Mai haɗi ya kan fara da wutsiya, don ita ce ƙarama, a nan hannunsa zai faɗa. Sa'an nan ya yi fukafukai, da gangar jiki, kana ya ɗora inji da farfela. Zai dasa ƙusoshi dubbai, kowace a raminta. Mutum ya kan yi shekaru yana wannan aiki.

Dokar ƙasar ta ce wajibi ne masu sha'awa su yi fiye da rabin aikin da kansu. In an gama, mai dubawa zai zo ya bincika jirgin. Bayan haka sai a yi ta gwada shi a wurin da aka keɓe, sau da yawa har awa 40, kafin a ɗauki fasinja.

Me ya kawo wannan tsanani? Mota in ta lalace sai a raɓa gefen hanya, amma sama ba ta da gefe. Wanda ya bar noti ɗaya a kwance, da ransa ya yi wasa. Don haka mai hankali, in ya ga kuskure, ya kan warware aikin mako guda ya sake. Ai da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.