Na'urar da ke riƙe da littafin datarka

Yawancin masu intanet a gida sun ɗauka ƙaramar rautar da ke kan tebur ita ce wuƙa ita ce nama. Alhali ita 'yar aike ce kawai. Hukunci yana can ɗakin na'urori na kamfanin sadarwa, a hannun wata babbar rauta da injiniyoyi ke kira BNG, a da kuma BRAS. Kamfanoni irin su Cisco da Juniper da Nokia da Huawei ne ke ƙera ta, kuma guda ɗaya tana ɗaukar dubban masu rajista a lokaci guda, kowa da nasa lissafin.

Da ka kunna rautar gidanka, sai ta nemi izinin shiga. Idan kamfanin yana aiki da tsarin PPPoE, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 1999, za ta miƙa suna da kalmar sirrin da ma'aikacin da ya ja maka waya ya shigar ranar da ya zo. Idan DHCP ne, ba a tambayar kalmar sirri, layin da ka shigo ta kansa shi ne shaidarka. BNG ba ta san ka ba, don haka sai ta tambayi sabar RADIUS, wani tsari da kamfanin Livingston ya ƙirƙira a Amurka a 1991, tun zamanin da ake shiga intanet ta wayar tarho. Sabar za ta duba ko kuɗinka na nan, ta ce a bari ko a hana, ta faɗi saurin da ka saya. Daga nan a ba ka adireshin IP, a buɗe maka zama.

Tun daga wannan daƙiƙar ake ƙirga. BNG tana lissafa duk abin da ya shigo maka da duk abin da ya fita, tana aika wa sabar rahoto lokaci-lokaci har zaman ya ƙare. Hotunan da wayarka ke ɗorawa cikin dare suna ciki, haka manhajojin da ke sabunta kansu ba tare da sun tambaye ka ba, da bidiyon da yaro ya bari yana tafiya ya yi barci. Da yawa daga cikin koke-koken "an cinye mini data" nan suka samo asali. Sai dai littafin yana hannun kamfani shi kaɗai, kuma a ganina wanda ya biya kuɗi yana da haƙƙin a nuna masa shafinsa dalla-dalla, ba a ce masa "haka na'ura ta nuna" ba.

Ba sai an katse ka ake sauya maka sabis ba. Sabar tana iya aika wa BNG umarni ana tsakiyar zama, ta ce a rage wa wane sauri, ko a karkatar da shi zuwa shafin biyan kuɗi. Tsarin da ake tallatawa da sunan "mara iyaka" sau da yawa haka yake aiki: ka kai wani adadi, sai intanet ta fara jan ƙafa, kana zargin hadari ko iska.

A tsarin PPPoE, ɓangarorin biyu suna taɓa juna akai-akai don tabbatar da kowa na nan. Idan wuta ta ɗauke ba zato, rautarka ba ta yi sallama ba, BNG takan ci gaba da riƙe tsohon zaman har sai ta kira wasu lokuta ba a amsa ba. Kamfanin da ya ƙayyade zama ɗaya ga kowane suna zai ƙi sabon haɗi kafin a share tsohon. Shi ya sa kashewa da kunnawa a jere ba ya amfani kamar ka kashe ka ɗan jira 'yan mintoci. In kuma aka kawo wuta a unguwa baki ɗaya, ɗaruruwan rautoci ke neman shiga tare, dole a bi layi.

Adireshin IP ma ya yi ƙaranci. Na tsohon tsarin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma babban rumbunsa na duniya ya ƙare a Fabrairun 2011. Kamfanoni da yawa sai suka haɗa gidaje masu yawa a kan adireshi ɗaya. Wanda ya sa kyamarar tsaro a shago ya kasa kallonta kai tsaye daga gida, sau da yawa wannan ne dalili. Masu datar waya kuwa, irin lissafin da BNG ke yi ake yi musu a wasu na'urorin na 4G da 5G.

In intanet ta ɗauke, dubi fitilun akwatin faiba kafin ka kira kamfani. Jar fitilar LOS tana nufin haske ba ya isowa, wataƙila waya ta tsinke. In fitilar PON tana kore amma babu intanet, to sau da yawa matsalar ta zama ce ko ta biyan kuɗi. Faɗa musu abin da ka gani, ka karɓi lambar ƙorafi. In suka yi biris da kai a Najeriya, kira hukumar NCC a 622, kyauta ne.