Kifayen guringuntsi a tsohon tekun Sakkwato

Duk wanda ya san Batsari da Safana ya san ƙasar duwatsu ce, kuma duwatsun nata sun girmi kifi kansa. Narkakken dutse ne ya daskare a ƙarƙashin ƙasa shekaru fiye da miliyan 500 da suka wuce, don haka ba a samun burbushin halittu a cikinsu. Mai neman tsoffin kifaye sai ya nausa yamma, ya ratsa Zamfara, ya sauka kwarin Rima.

Wajen shekaru miliyan 70 zuwa 55 baya, wani teku marar zurfi ya malalo daga arewa ta Sahara, ya shafe Wurno da Goronyo da Dange da Kalambaina, har cikin ƙasar Tawa a Nijar. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da ita, kwanciyar wannan ruwan ce.

A cikinsa aka yi kifaye dangin shak da kunamar ruwa, waɗanda ba su da ƙashi sai guringuntsi, irin wanda ke kunnen mutum. Guringuntsi saurin ruɓewa gare shi, shi ya sa kusan haƙora kaɗai suka rage. Sa'ar da masana suka taka ita ce kifin shak yana zubar da haƙora yana sake wasu muddin ransa, sai suka taru jingim a laka.

A 1934 wani masani Bature, Errol White, ya wallafa bincike kan burbushin kifayen lardin Sakkwato. Ɗaya daga cikinsu ya raɗa masa suna Myliobatis wurnoensis, wato na Wurno, garin da aka fi sani da ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Haƙoran wannan kifin ba su da tsini ko kaɗan: faffaɗa ne, an jera su manne da juna sama da ƙasa, yana murƙushe dodon koɗi da su. Akwai kuma Schizorhiza, mai dogon hanci da ƙananan haƙora jere gefe da gefe kamar zarto, wanda ya ƙare tare da dinoso shekaru miliyan 66 da suka wuce.

Danginsu ba su ƙare duka ba. Har yau masunta na kama kunamar ruwa a kogin Binuwai, ko da yake ta yi ƙaranci ƙwarai.