Hasumiyar Gobarau: Inda Ake Hango Birnin Katsina

Hasumiyar Gobarau tana tsakiyar tsohon birnin Katsina, ba nisa da gidan Sarki. Tsawonta kamar mita 15 ne, kuma da tubali da laka da azara aka gina ta, hawa-hawa, gindi da faɗi, sama na tsukewa. Hasumiyar Agadas ta fi ta tsawo, don ta kai mita 27, amma a ƙasar Katsina babu ginin da ya kai Gobarau suna. 

Ana danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma masana da yawa na haɗa shi da zuwan Shehu Al-Maghili Katsina wajen 1493. Asalinta hasumiyar babban masallacin gari ce, inda ake sallar Juma'a, ake kuma ba da karatu. Ladan kan hau ya kira salla, a lokacin yaƙi kuwa 'yan tsaro kan hau su duba bayan ganuwa, ko za su ga ƙurar dawakin abokan gaba tun kafin su iso ƙofa. Bayan jihadi, a zamanin Sarki Ummarun Dallaje, aka mai da Juma'a wani masallacin, Gobarau ta fara lalacewa, sai a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, aka gyara ta.

Akwai labarin baka da mutanen kudancin jihar Katsina ya kamata su sani. An ce malamai sun yi gardama kan alƙibla lokacin ginin, sai wani Malam Jodoma ya nuna gabas da sandarsa, aka hango Ka'aba ƙuru-ƙuru. An ce daga baya ya bar birni ya koma Guga, a ƙasar Bakori, maƙwabciyar Ƙanƙara.

Hawan hasumiyar ba na gaggawa ba ne. Matakalar ta ƙasa ce, ga ƙunci, sai mutum ya dafa bango, ya ji sanyin laka a tafin hannunsa, ya jira mai saukowa ya wuce. Da an kai sama sai gari ya buɗe: rufin soro da indararo, kwanon da ya yi tsatsa, itatuwan dalbejiya, awaki a tsakar gidajen mutane, can nesa kuma benaye da turakun waya da suka fi ta tsawo yanzu. Da hunturu hazo kan rufe nesa, don haka bayan damina, da hantsi ko bayan la'asar, aka fi more kallo.

Mutumin Ƙanƙara kan shigo ta hanyar Dutsin-Ma, na Sabuwa kuwa ta Dandume da Funtuwa, na Faskari yana iya bin kowacce. Saboda halin tsaro, tafiyar rana ta fi. Abin mamaki, da yawa kan zo birni asibiti ko sakatariya su koma ba su taɓa leƙa hasumiyar ba, alhali daga tasha kuɗin Keke Napep ne kawai.

Mai ziyara ya nemi izinin masu kula da wurin, kada a hau a cunkushe, kada kuma a kankare bango don rubuta suna. Ginin ƙasa ne, abin da aka ɓantare ba ya komawa sai an yi sabon yaɓe.